Giɓin da Baba Matuƙi ya bari a katangar maƙabarta

Ranar Talata, bayan an sallame sallar asuba, Allah Ya karɓi ran surukina, wanda unguwarmu da kasuwar kayan gini ta Dei-Dei suka sani da Baba Matuƙi. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ya haura tamanin, bai yi jinya ba. Ya dawo daga masallaci, ya ce a ɗora masa ruwan shayi, kafin ruwan ya tafasa ya riga ya tafi. Matata, wadda ita ce 'yarsa ta fari, ta ce ko a wannan ma bai yarda a jira shi ba.

Kwana uku na yi a bakin tabarma ina karɓar gaisuwa. Tsohon malamin makaranta ne ni, kuma wannan aikin yana barin mutum da wata cuta: ba ya iya jin magana bai ba ta maki ba. Manyan ma'aikata, abokan aikin babban ɗansa, sun zo da manyan riguna, kowa ya ce an yi babban rashi, kalma ɗaya ba ta bambanta ba, kamar ɗalibai sun kwafi amsa daga littafi guda. Direbobin manyan motoci sun zo a jere, suka tsuguna, shugabansu ya ce, "Yau kuma babu mai zagaya mana mota." Ɗayansu ya iso bayan an dawo daga jana'iza, yana rantsuwa cunkoson Nyanya ne ya riƙe shi, aka ce masa ya gode Allah mamacin ba zai iya duba agogo ba. Wani ɗan Ibo mai sayar da rodi, wanda rumfarsa ke manne da ta Baba, ya zauna ya kasa tashi. Ya ce, "Shekara da shekaru ni da Oga muna faɗa a kan lodi. Yanzu wa zai yi faɗa da ni?" Shi na ba maki mafi yawa.

Can da yamma wani tsoho ya iso, Bagbagyi, manomi daga ƙauyen da ke bayan maƙabartarmu, da fartanya a kafaɗa. Bai hau tabarma ba, a gefenta ya zauna. Da aka shafa addu'a ya sunkuyar da kai har aka gama. Sannan ya dubi babban ɗan marigayin ya ce, "Babanka ya tafi. To. Hanya fa?"

Ɗan ya ce, "Allah Ya ba mu haƙuri, Baba," irin amsar da ake ba tsoho idan ba a gane abin da yake nufi ba. Ni na gane, kuma a duk masu zama a wurin ni kaɗai ne na san dalilin tambayar.

Ga abin da tsohon yake tambaya. Maƙabartar unguwarmu tana da katanga ta bulo, da babbar ƙofa ta gabas wajen titi. Ta yamma kuwa akwai giɓi, faɗinsa kamar mutum uku su jera. Daga wannan giɓin wata siririyar hanya ta ratsa gefen kaburbura ta fita ta babbar ƙofa. Mutanen ƙauyen tsohon ita suke bi zuwa titi da sauran gonakin da suka rage musu, don rukunin gidajen masu kuɗi sun kewaye su ta ko'ina da dogayen katangu. In aka toshe giɓin, tsohuwa mai dakon doya sai ta yi zagayen da zai cinye mata hantsi. Babu takarda a kan hanyar nan. Abin da ya riƙe ta a buɗe shi ne Baba Matuƙi ya ce ba za a rufe ba, kuma ga shi mun binne wanda ya faɗa.

Kafin in kai ga yadda aka ƙare, bari in faɗi ko wane ne mutumin, don jikokinsa ƙanana ba za su tuna komai ba sai sandarsa.

Abu na farko da kowa zai ce shi ne zagaye. Baba bai taɓa shiga mota bai zagaya ta ba. Daga tayar gaba ta hagu yake farawa, ya dafa ta, ya wuce ta baya, ya sunkuya ya leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga, ya buɗe murfin mai ya rufe da hannunsa, ya dawo inda ya fara. Motarsa, motar haya, motar maƙwabci da ya rage masa hanya, duk ɗaya. Ranar da za a kai mini amarya, motoci biyar aka jera a ƙofar gidansa, gwaggwanni suna ta guɗa, sai ga uban amarya ya fito ya fara daga mota ta farko. Masu guɗa suka yi har muryarsu ta dushe, suka huta, suka sake. Bayan shekaru, da na ɗan saba da shi, na ce, "Baba, ran nan fa ba a samu komai ba."

Ya ce, "Abin da ake so ke nan."

Ko kifi ba ya tsira. Duk Juma'a yakan je kasuwar Kado, ya ɗaga kifi ya juya shi, ya duba ido, ya buɗe kumatu, ya sake juyawa. Masu kifin suna hango shi sai su ce, "Ga mai binciken jirgi nan, a ɓoye na jiya."

Da tifa ɗaya ya fara, yana ɗebo yashi lokacin da ake haƙa harsashin wannan birnin. Daga yashi ya koma siminti, ya ƙara da kwano da katako, har ya zama in an ce rumfar Baba Matuƙi a Dei-Dei ba a buƙatar kwatance. A kasuwar da ake ɗora wa mota kaya har sai ta durƙusa kamar raƙumi, shi sauke kaya yake sa a yi. Direba zai ce, "Haba Oga, wallahi motar nan za ta ɗauka." Shi kuma ya ce, "Na san za ta ɗauka. Za ta tsaya?" Ya sha rasa ciniki a kan haka, bai taɓa nuna ya damu ba. Faɗansa da mai rodin nan duk a kan wannan ne. Amma shekarar da wuta ta cinye rumfar mai rodin, tun toka ba ta huce ba Baba ya sa yaransa suka matsar da buhunan siminti, ya ja layi da alli a tsakiyar tasa rumfar ya ce, "Daga nan zuwa can taka ce." Washegari suka ci gaba da faɗan lodi, yanzu kuma a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Shi ne shugaban kwamitin unguwa tun unguwar tana gidaje goma sha wani abu: masallaci, rijiyar burtsatse, motar ɗaukar gawa da ya saya ya ce ba ta tambayar addinin fasinja, da maƙabarta. Ni ne sakatarensa, ba don na nema ba, sai don an ce rubutuna yana karantuwa. In ya ce taro ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu ake buɗewa da wanda ya zo. Akwai ranar da ni da shi da maigadin masallaci muka zartar da batutuwa uku kafin manya su iso. In maƙwabta biyu suka kawo masa rikicin iyakar fili, ba ya zaunar da su. Sai ya ce su tashi su zagaya filin tare da shi, a ƙafa, da rana. In ba su daidaita ba a sake zagayawa. Ban taɓa ganin rikicin da ya kai zagaye na huɗu ba.

Yaƙi kuwa ba ya maganarsa. Kowa ya san ya tuƙa jirgin soja lokacin yaƙin basasa, daga nan sunan ya samo asali, amma babu hotonsa da kaki a bangon falo, babu lambar girma a cikin kabad. Jikoki sukan tambaye shi, "Kaka, jirgi nawa ka harbo?" Sai ya ce, "Kaya nake ɗauka, kamar yanzu." Waɗanda suka yi aikin Hajji tare da shi sun ce tun daga tashi har sauka idonsa na kan fiffike.

Yanzu sai rigimarmu, don ba zan rubuta ta'aziyya in wanke kaina ba. Ni ne babban mai adawa da giɓin nan. Baba da bulonsa ya gina katangar, ya kai ta har yamma ya tsaya, aka ɗauka kaya ne suka ƙare. Shekara ta wuce, biyu suka wuce. Awaki suna shiga suna hawa kaburbura. 'Yan acaba suka gano gajeriyar hanya. Mata suna ratsawa da itace a kafaɗa, wasu malamai suna gunaguni. Sau uku na kawo batun gaban kwamiti, duk amsarsa ɗaya: "Na yi alkawari." Wa ka yi wa, a kan me, ba ya ƙarawa. A karo na uku na zo da takarda mai kanun magana biyar, na karanta ta da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa. Ya saurara har ƙarshe.

"Malam, ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Rubutun ya yi kyau. Giɓin yana nan."

Raina ya ɓaci, na ce a gaban mutane, "Baba, wannan kwamiti ne, ba jirgi ba ne. Ba mutum ɗaya ke tuƙi ba."

Wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukinsa ya san abin da na aikata. Liman ya shiga duba carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Baba ya dube ni, ya ce a ci gaba da batu na gaba. Labari ya riga ni isa gida, na kwana biyu ina cin tuwo babu mai ce mini sannu. Wata huɗu tsakanina da shi sai gaisuwa. Kifin Juma'a dai bai fasa zuwa gidana ba, kuma na fahimci wannan ma wata irin amsa ce.

Akwai wani abu da na daɗe da lura da shi. Labarin ƙasa na koyar, idona ba ya barin layin da ya karkace. Duk kaburburanmu a jere suke, kai a kudu, fuska a gabas. Amma dab da giɓin akwai wani tsohon kabari da ya kwanta a gicciye, an kewaye shi da duwatsu, kuma ko a tsakiyar damina ba za ka ga ciyawa ɗaya a kansa ba. Na tambayi mai haƙa kabari, ya ce shi dai an ce masa na Baba ne, kada a taɓa, kuma filin da ke gefensa ma kada a ba kowa.

Bara, farkon damina, ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, zo ka raka ni zagaye." Muka bi katangar maƙabarta daga hagu, yana dogara sanda, yana ƙwanƙwasa bulo nan da can. Da muka iso giɓin ya tsaya a kan karkataccen kabarin, ya yi masa addu'a. Sannan ya yi magana, da irin muryar da yake karanta jerin kayan da za a loda.

"Ƙaramin jirgin kaya nake tuƙawa, daga Kaduna zuwa kudu. Mu biyu ne, ni da makanikena. Ran nan aka ce mu tashi da gaggawa, magani ake jira. Doka ita ce matuƙi ya zagaya jirginsa da ƙafarsa kafin ya hau. Wani babba yana tsaye yana duba agogo. Makaniken ya ce, 'Oga, ba ka zagaya ba.' Na ce masa, 'Jiya na zagaya.'"

Murfin baƙin mai bai rufu ba. Suna tafe a sama, daidai kan duwatsun wannan yankin, gilashin gaba ya yi baƙi da mai, injin ya mutu. Babu birni a lokacin, gonakin doya ne ko'ina. Ya sauke jirgin a gona, taya ta kama tudun doya, jirgin ya kife. Makaniken nan take ya cika. Shi kuma ƙafa ta karye, hankali ya gushe. Manoma huɗu suka ɗora shi a kan ƙyauren ɗaki, suka ɗauke shi a kafaɗa, suka bi wannan siririyar hanyar da shi zuwa ƙauye. Kwana uku kafin ya san inda yake. Kafin nan sun binne abokin tafiyarsa, sun naɗe shi da zane mafi kyau da suke da shi, sun kwantar da shi yadda suke kwantar da nasu.

Ya nuna kabarin da sanda. "Ba su san gabas ɗinmu ba. Na tambayi malami ko a gyara, ya ce in bar bawan Allah ya huta, Wanda ya halicci gabas ya san inda yake."

Na ce, don in sauƙaƙa masa, "Baba, ai rufe murfi aikin makanike ne."

"Rufewa aikinsa ne. Gani aikina ne."

Bayan yaƙi ya ajiye aiki. Ya riƙe mahaifiyar makaniken har ta rasu, don ba ta da wani ɗa. Da aka fara gina birni ya dawo neman wurin, yana zaton daji ya cinye, sai ya tarar an share kabarin tas. Duk damina suna nome shi. Mai garin na lokacin, mahaifin tsohon nan mai fartanya, ya ce masa baƙonku yana kwance shi kaɗai, ga fili, ku riƙa kawo masa 'yan'uwa, abu ɗaya ne, kada a rufe hanya. Asalin maƙabartarmu ke nan. Cikin huɗun da suka ɗauke shi kuwa, tsohon ne kaɗai ya rage.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa wa kwamiti? Da magana ta ƙare tuntuni."

Ya ƙwanƙwasa bulo da sandarsa. Sannan ya ce, "'Ya'yana sun taso sun san ubansu ba ya mantuwa. Ka bar su da wannan har in tafi."

"Bayan nan fa?"

"Bayan nan kai ne sakatare."

A filin da ke gefen karkataccen kabarin muka sa shi ranar Talata. 'Ya'yansa sun ɗauka tawali'u ne ya sa ya zaɓi can ƙurya wajen awaki.

Ranar Alhamis aka yi sadakar uku. An gama addu'a, ana raba waina, sai ga babbar mota tana ja da baya a bakin layi, wata na biye da ita. Wakilan 'yan kasuwar Dei-Dei suka sauko, mai rodin nan a gaba. Shugabansu ya ce, "Mu ba mu iya dogon jawabi ba. Abin da muke da shi bulo ne." Sun haɗa bulo da siminti da yashi, sun ɗauko magina, za su ƙarasa aikin da Baba ya bari bai ƙarasa ba, katangar maƙabarta, ladan aikin ya kai masa. Kayan nan mota ɗaya za ta iya ɗauka, amma sun raba shi biyu don girmama mamacin. Ban taɓa ganin kyautar da aka yi da zuciya ɗaya irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin wadda ta fi ta kuskure ba. Maginin kirki in ya ga katanga da giɓi, abu ɗaya yake gani: aiki bai ƙare ba.

Babban ɗan ya share hawaye ya yi godiya. Mataimakin shugaban kwamiti ya juyo gare ni ya ce, "Malam, yau burinka ya cika. Sau uku ka rubuta." Aka yi dariya, irin 'yar dariyar da ake samu a rana ta uku. Motocin suka wuce maƙabarta, don maginan sun ce yau za su fara.

Shiru ya fi mini sauƙi ta kowace fuska. In na yi shiru na ci gardamar da na sha kaye a kanta sau uku, sunan Baba kuma ya tafi babu tabo. In na yi magana, ni surukin da ya taɓa yi masa tsaurin ido a bainar jama'a, ni ne kuma zan tsaya kwana uku da binne shi in ce ya yi sakacin da ya ci rai. Na shiga cikin gida na sa aka kira mini matata bakin ƙofar kicin, na faɗa mata a taƙaice.

Ta ce, "Shekara guda kana cin tuwona da wannan a cikinka?"

"Amana ce."

Ta jingina da bango. "Mu duk mun ɗauka tsabar tsanani ne irin na soja." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Je ka faɗa. In ƙanena ya yi gardama, ka ce yayarsa ce ta aiko ka."

Da muka isa, magini ya riga ya ja igiya daga wannan gefen giɓin zuwa wancan, lebura na kwaɓa siminti. Tsohon manomin yana tsaye a tsakiyar giɓin da fartanyarsa. Bayansa mata biyu ne da doya a kafaɗa, sun tsaya suna jira. Babu mai ɗaga murya.

Maginin ya ce, "Baba, ɗan matsa mana."

Tsohon ya ce, "In matsa zuwa ina?"

Na ce a dakata. Na faɗi abin da aka faɗa mini, yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba, kuma wannan karon babu kanun magana. Da na kai wajen "jiya na zagaya", na ga direbobin sun sunkuyar da kai.

Babban ɗan ya ce, "Malam, kwana uku da binne shi, za ka tsaya a kan kabarinsa ka ce mahaifina ya kashe mutum?"

"Ban ce ba, Alhaji. Shi ya ce bai zagaya ba."

"Kai da ka fi kowa son a toshe wurin nan?"

"Ni ɗin. Ban san komai ba a lokacin, rubutu kawai na iya."

Ya juya wajen tsohon. "Baba, gaskiya ne?"

Tsohon ya dafa tasa kafaɗar ta dama. "Nan na ɗauke shi. Babanka nauyi. Ƙafa ya karye, ido a rufe, yana kiran sunan wannan," ya nuna karkataccen kabarin da haɓa, "kwana uku. Mu ba mu san sunan wa ba ne. Sai da ya tashi."

Ɗan ya matsa gaba kaɗan. Ya tsaya yana kallon kaburburan biyu, tsoho da sabo, ɗaya a gicciye ɗaya a miƙe, kawunansu sun kusa haɗuwa. Can sai ya tattare babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya fita ta giɓin, ya juya hagu ya kama bin katanga. Ba wanda ya ce a bi shi, amma muka bi: liman, 'yan kasuwa, direbobi, manyan ma'aikata da takalmansu masu sheƙi cikin taɓon farkon damina. Maƙabartar ba ƙarama ba ce. Muka zagaya ta kaf har muka dawo inda muka fara.

Ya ce wa maginin, "Cire igiyar."

Maginin ya ce, "Alhaji, siminti ya riga ya jiƙe fa. In aka bar shi ya mutu."

Mai rodin ne ya warware. Ya ce, "A yi ginshiƙi biyu, ɗaya nan ɗaya can. Rodi nawa ne. In ba haka ba, wata rana wasu wawaye irinmu za su sake zuwa su ce aiki bai ƙare ba."

Haka aka yi. Giɓin yanzu yana da ginshiƙai biyu masu kauri, an shafe su sumul, babu ƙyaure. Sauran bulon ya tafi gyaran wajen da ruwa ya ci ta kudu. Matan nan biyu su suka fara wucewa, tun simintin bai bushe ba, suka gaishe mu da ta'aziyya ba su sauke doyarsu ba. Na shigar da maganar cikin littafin kwamiti, liman ya sa hannu, babban ɗan ya sa, tsohon ya dangwala yatsa. Ra'ayina game da awaki bai canja ba, na kuma rubuta hakan a ƙasa.

Makon jiya na je ziyara da hantsi. Na tarar da tsohon a durƙushe yana nome karkataccen kabarin, ciyawar da ruwan farko ya fito da ita. Da ya gama ya dubi sabon, babu abin nomewa tukuna, sai ya shiga tsinto duwatsu yana jera masa. Na tsuguna ina miƙa masa.

Ya ce, "Yanzu biyu ne."

Na ce, "Baba, in ka gaji, wa zai ci gaba?"

Ya dube ni kamar ɗalibin da ya tambayi abin da ke rubuce a allo. Ya nuna hanyar da fartanya ya ce, "Wanda yake wucewa."

Allah Ya gafarta wa Baba Matuƙi, abin da ya tuna da abin da ya manta. Allah Ya jiƙan makanikensa, Ya haskaka musu makwanci su biyun. Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya saka wa waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.